Kwamfuta Ta Buɗe, Fayilolin Ofis Sun Ƙi: Matsalar Tikitin Kerberos

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirin na yau na ma'aikatan ofis ne, na banki da na jami'a da na asibiti da na ma'aikatun gwamnati, wato duk wanda ke zama gaban kwamfutar tebur da aka haɗa da ta abokan aikinsa, yake shiga da suna da kalmar sirrin da ofis ya ba shi. Na kuma matasan nan ne da ake ƙwala wa kira "Injiniya!" da zarar wani abu ya tsaya.

Ga yadda abin kan faru. Ka zo da safe, ka sa sunanka da kalmar sirri, kwamfuta ta buɗe lafiya lau. Ka je buɗe jakar fayilolin da ofis ke ajiye aiki a ciki, sai ta ce ba ka da izini. Ka tura takarda firinta, shiru. Wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri, ka sa, ya sake fitowa, ka sake sawa, ya sake fitowa. Ka leƙa teburin maƙwabcinka, komai nasa na tafiya. Daga nan sai fatawa ta fara zuwa ta ko'ina. Wannan ya ce netiwok ne, wancan ya ce bairos ne, mai gyara ya zo ya dubi allo na minti biyu ya ce, "Oga, sai dai a goge ta a sake zuba Windows." A yawancin lokuta duk ba haka ba ne. Tikiti ne ya samu matsala, kuma gyaran bai kai shan shayi ɗaukar lokaci ba.

Wane tikiti? Akwai wani tsari da ake kira Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT da ke Amurka cikin shekarun 1980, a ƙarƙashin wani aikin haɗa kwamfutocin ɗalibai mai suna Athena. Matsalar da suka so magancewa ita ce kada kalmar sirrin mutum ta riƙa yawo a waya duk lokacin da zai buɗe wani abu, domin mai kasa kunne a kan wayar zai iya tsince ta. Zubi na 5 na tsarin, wanda shi ake amfani da shi har yau, ya fito a 1993, aka sake tace bayaninsa a 2005. Kamfanin Microsoft ya ɗauke shi tun daga Windows 2000 ya mai da shi ginshiƙin Active Directory, wato tsarinsa na riƙe sunayen ma'aikata. Saboda haka idan ofishinku na da babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen ma'aikata, kuna amfani da Kerberos kullum ko da ba ku taɓa jin sunan ba.

Wanda ya taɓa zuwa babban asibiti zai gane tsarin da wuri. Ka fara zuwa wurin yankan kati, a tabbatar da ko kai wane ne, a ba ka kati. Da wannan katin ake rubuta maka takardar ganin likita, da ta gwajin jini, da ta karɓar magani, ba a sake tambayarka asalinka a kowace ƙofa. Haka Kerberos yake. Idan ka shiga kwamfuta da safe, takan je wurin babbar kwamfutar ofis, wadda za mu kira mai raba tikiti, ta karɓo babban tikiti. Duk lokacin da ka nemi fayil ko firinta ko shafin intanet na cikin gida, kwamfutarka za ta nuna babban tikitin, a yanka mata ƙaramin tikiti na wannan wurin kaɗai. Kowane tikiti yana ɗauke da sunanka, da sunan wurin da za ka, da lokacin da ya fara aiki, da lokacin da zai mutu. A tsarin Windows, idan ba a canza ba, babban tikiti na yin awa 10, kuma ana iya sabunta shi har tsawon kwana 7 ba tare da an sake neman kalmar sirri ba. Ku riƙe waɗannan biyun, lokaci da suna, domin a kansu akasarin rigimar take.

To me ya sa kwamfutar ta yarda ka shiga tun farko, idan babu tikiti? Saboda Windows na ajiye shaidar shigarka ta baya. Idan ta nemi mai raba tikiti ba ta same shi ba, sai ta bar ka ka shiga da wannan ajiyar, ba tare da ta ce maka komai ba. Kai kana ganin komai daidai, alhali hannunka babu ko tikiti ɗaya.

Don haka abu na farko, kafin a taɓa komai, a duba tikitin. A Windows, danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Baƙin allo zai fito. Rubuta klist, wato K, L, I, S, T, ka sake danna Enter. Za ka ga jerin tikitocin da kwamfutarka ke riƙe da su. Nemi wanda ke da kalmar krbtgt a layinsa, shi ne babban. A ƙasansa akwai lokacin farawa da lokacin ƙarewa. Idan jerin ya nuna sifili, ko dai ba ka isa wurin mai raba tikiti ba, ko ya ƙi ka. Idan akwai tikiti amma lokacinsa ya wuce, ya mutu bai samu sabuntawa ba. Wannan umarni ba ya lalata komai, kallo kawai yake yi, kuma yana aiki a Linux da Mac ma.

Yanzu mu zo kan agogo, wanda a ganina shi ne babban mai laifi a ofisoshinmu. Kerberos na sa hatimin lokaci a kan saƙonni domin kada wani ya naɗi saƙonka yau ya sake tura shi gobe da sunanka. Bambancin da ya yarda da shi tsakanin agogon kwamfutarka da na mai raba tikiti, idan ba a canza ba, minti 5 ne. Ya wuce haka, a ƙi ka. Saƙon da kan fito da Turanci shi ne "Clock skew too great", ma'ana tazarar agogo ta yi yawa. Wasu sababbin manhajoji kan yi ƙoƙarin cike giɓin da kansu, amma kada a dogara da hakan, musamman idan tazarar ta awanni ce ko ta shekaru.

Shekaru kuwa, e, haka na ce. A cikin kowace kwamfutar tebur, a jikin babban allon da ke ciki, akwai wani ɗan batir mai faɗin kwabo, an rubuta CR2032 a kansa, irin wanda ake sa wa makullin mota na rimot. Aikinsa shi ne ya riƙe agogo yana tafiya idan babu wuta. Kwamfutocin ofisoshinmu da yawa na hannu ne, sun yi shekaru a wata ƙasa kafin su iso, batirin ya riga ya gaji. Muddin kwamfutar na jone da wuta ba za ka gane ba. Amma a ɗauke wuta da daddare, ko a kashe janareta bayan an tashi aiki, da safe sai agogon ya koma wata tsohuwar shekara, ƙarfe 12 na dare, 1 ga Janairu. Kwamfutar da ke ganin ana shekaru goma baya ba za ta samu tikiti ba. Alamarsa a bayyane take: kullum da safe sai an gyara agogo, musamman ranar Litinin. Wanda ke gyara agogon nan da hannu kowace safiya wahalar da kansa kawai yake yi. A kashe kwamfutar, a cire filogi, a buɗe murfin gefe, a ɓalle tsohon batirin a sa sabo, gefen da ke da alamar tarawa yana sama.

Akwai wata ta agogon da ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta yankin lokaci. Kerberos ba ya kallon ƙarfe nawa allonka ya nuna, yana lissafi ne da agogon duniya na bai ɗaya, wanda muka fi sani da GMT. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da shi da awa 1, Ghana na daidai da shi, Sudan na gaba da awa 2. Ka ɗauki kwamfutar da aka kawo daga Ingila, aka bar ta a kan lokacin Landan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan da na Kano ɗaya ne, babu wanda zai lura da komai. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba Turawa su mayar da agogonsu baya da awa 1, kwamfutar ita ma ta bi su. Ma'aikaci ya zo Litinin ya ga agogo ya makara, ya tura shi gaba da hannu. A ido agogon ya yi daidai da na bango, amma a lissafin Kerberos ya kauce da awa guda cur. Idan daga yammacin Amurka aka kawo ta, tazarar kan kai awa 8 ko 9. Gyaran shi ne a fara gyara yankin lokacin, a jerin Windows namu shi ne wanda aka rubuta West Central Africa, sannan a bar agogon ya daidaita kansa da na ofis. Injiniya na iya tilasta masa da umarnin w32tm /resync. Ku kuma masu kula da babbar kwamfutar, ku tabbata ita kanta agogonta na karɓar lokaci daga ingantaccen tushe, domin idan ta kauce kowa zai bi ta ya kauce, sai ranar da aka haɗu da wata na'urar da ke kan daidai rigima ta tashi.

Bari mu ɗan sha iska, mu dawo.

(Kiɗa)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Muna magana ne kan tikitin Kerberos da abin da ke hana kwamfutar ofis samun sa. Mun gama da agogo, yanzu sai suna.

Kwamfutarka ba ta san inda mai raba tikiti yake ba, tambaya take yi. Wanda take tambaya shi ne DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan kwamfuta zuwa lambar adireshinta. DNS na cikin ofis ne kaɗai ya san mai raba tikitinku. To akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, wani ya ji cewa idan aka sa 8.8.8.8, wato DNS na Google, intanet zai fi sauri, sai ya shiga saiti ya canza. YouTube ya buɗe, Facebook ya buɗe, kowa na murna. Amma Google bai san wata kwamfuta da ke ɗakin bayan ofishinku ba. Washegari babu tikiti, ko a ga saƙon da ke cewa ba a samu KDC ba, waɗannan haruffa uku su ne sunan mai raba tikiti a wurin injiniyoyi. Haka abin yake idan wayar ofis ta tsinke aka jona kwamfutar da hotspot na wayar hannu: intanet ya samu, ofis ya ɓace. A baƙin allon nan, ipconfig /all zai nuna maka DNS ɗin da kwamfutar ke tambaya. Idan ba na ofis ba ne, ka gano bakin zaren. Idan kuma DNS daidai yake amma har yanzu shiru, injiniya ya duba ko wata katangar tsaro ta toshe ƙofa mai lamba 88, domin ta nan Kerberos ke bi.

Wata dabarar da na ga masu gyara na yi, kuma ba na sonta, ita ce idan jakar fayiloli ta ƙi buɗewa da suna, sai su rubuta lambar adireshin kwamfutar a madadin sunan. Sau da yawa takan buɗe, a tafa wa injiniya. Abin da ya faru shi ne, tikiti da suna ake yanka shi, da aka ba Windows lamba sai ta bar Kerberos ta koma wani tsohon tsari mai rauni da ake kira NTLM. Ba a gyara komai ba, zagaye matsalar aka yi. A 2024 Microsoft ya sanya NTLM cikin jerin abubuwan da ya daina bunƙasawa, yana shirin raba Windows da shi. Duk ofishin da ya saba da wannan zagayen, ranar da aka rufe hanyar zai sha mamaki. A matsayin gwaji dai tana da amfani: idan lamba ta buɗe suna ya ƙi, ka san matsalar tana wajen DNS ko Kerberos, wayar da ke bango lafiyarta ƙalau.

Sai batun kalmar sirri. Ka canza ta a wata kwamfuta ko ta waya, alhali ta teburinka tana kunne tun jiya da tsohuwar. Tsohon tikitin zai ci gaba da aiki har ya mutu, daga nan abubuwa su fara ƙi ɗaya bayan ɗaya. Maganin mai sauƙi ne: danna maɓallin Windows da L ka kulle allon, ka buɗe da sabuwar kalmar, kwamfutar za ta karɓo sabon tikiti. Masu aiki daga gida ta VPN ma haka za su yi, su fara jona VPN ɗin, sannan su kulle su buɗe.

Wani kuma asusunsa ne ke kullewa kullum, a buɗe masa da safe, kafin azahar ya sake kullewa, har a fara zargin ko wani ne ke masa kutse. Kafin a kai ga zargi, a duba aljihunsa. Wayarsa tana nan tana ƙoƙarin ɗauko wasiƙun ofis ko shiga Wi-Fi da tsohuwar kalmar sirri, tana gwadawa ana ƙi, har adadin kuskuren da ofis ya yarda da shi ya cika. Ko kuma ya taɓa cewa Windows ta tuna masa kalmar, tana nan ajiye a wurin da ake kira Credential Manager. A goge ta daga can. Injiniya ba sai ya yi ta canke ba, babbar kwamfutar na rubuta komai: a kundinta, lamba 4771 na nuna gwajin da aka ƙi, lamba 4740 kuma na nuna kullewar asusu, sau da yawa har da sunan kwamfutar da ta jawo.

Ga wata da ke haɗa ma'aikaci da injiniya faɗa. Ma'aikaciya ta ce, "Injiniya, har yanzu fa jakar albashi ba ta buɗe min ba." Shi kuma ya ce, "Hajiya, wallahi na sa ki a ciki tun ɗazu." Duk su biyun gaskiya suke faɗa. A Windows, jerin rukunonin da kake ciki yana cikin tikitin ne, kuma tikitin Hajiya na safe ne, an yanka shi kafin a ƙara ta. Umarnin klist purge na zubar da tikitocin da ke hannu domin a karɓo sababbi, amma wani lokacin tsohuwar haɗuwa da jakar na nan riƙe. Abin da ya fi tabbas shi ne ta fita daga asusunta gaba ɗaya ta sake shiga.

Akwai waɗanda ba na ma'aikaci ba ne, na ambace su ne don ku gane su idan kun gani. Idan allon shiga ya kawo dogon saƙo mai kalmomin "trust relationship", kwamfutar ce da kanta ta samu saɓani da ofis. Ita ma tana da kalmar sirrinta da take canzawa duk kwana 30, kuma saɓanin kan zo idan an mayar da ita wani tsohon kwafi, ko an ba kwamfutoci biyu suna ɗaya. Injiniya na iya sasanta su ba tare da ya goge ko fayil ɗaya ba. Idan saƙon na maganar "encryption type", tsohuwar na'ura ce da sabuwa suka rasa salon ɓoye saƙo da za su haɗu a kai. Wani lokacin ma laifin daga sama yake: a Nuwamban 2022 wani sabuntawa da Microsoft ya fitar ya hana ofisoshi da dama a duniya samun tikiti, sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa a cikin watan. Ƙa'idar ita ce, idan mutum ɗaya ne abin ya shafa, a duba teburinsa. Idan kowa ne a lokaci guda, a bar kwamfutocin mutane, a je ɗakin babbar.

Masu Linux da Mac, musamman ɗaliban jami'a da masu bincike, naku da ɗan bambanci. Sau da yawa da hannu ake neman tikiti, da umarnin kinit, sai sunanka, da alamar a mai zagaye, da sunan yankinku na Kerberos. Sunan yankin nan da manyan haruffa ake rubuta shi, wanda ya rubuta da ƙanana zai iya kwana yana neman laifin da babu. Idan tikiti ya riga ya mutu ba ya sabuntuwa, sai dai a sake kinit. Idan kuma kwamfutar ta haɗaka ce, rubuta kdestroy kafin ka tashi, domin duk wanda ya zauna bayanka ya samu tikitinka da rai, zai shiga ko'ina da sunanka ba tare da ya san kalmar sirrinka ba. Wannan ya shafi masu Windows ma. Za ka fita salla ko cin abinci, kulle allon. Kuma babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren da muka lissafa da ke buƙatar ka faɗa wa wani kalmar sirrinka, ko da injiniyan ofis ne. Idan ana buƙatarta, kai za ka zauna ka rubuta da hannunka.

Kirana ga shugabannin ofisoshi shi ne, ku sa a zagaya kwamfutocin tebur ɗin nan a canza musu ɗan batirin agogo, a duba yankin lokacin kowace, kuma kada ku sa hannu a goge wata kwamfuta sai mai gyara ya nuna muku abin da klist ya faɗa. Ku kuma ma'aikata, idan za ku kira injiniya, ku ɗauki hoton saƙon da ya fito da wayarku, ku gaya masa ƙarfe nawa agogon kwamfutar ke nunawa da ranar da kuka canza kalmar sirri ta ƙarshe.

Nan za mu dakata a yau.  

(Kiɗan rufe shiri)